Abin da Nake Tararwa a Ƙofata

Shekarata uku a Yamai.
Na san farashin kifin Isa da na albasar Galmi,
na iya cewa "fofo" ba a yi mini dariya ba,
na daina juya sefa zuwa naira a kaina.
Abu guda ya ƙi zama mini jiki:
tulin da ke jirana a ƙofa da asuba.

Da alwalata nake fita,
fitilar waya a hannu, ido a ƙasa
kamar wanda allurarsa ta faɗi.
Ran Talata aka ɗauke wuta, caji ya mutu,
takalmin da na zo da shi daga Gusau
ya yi gaba da gaba da abin.
Na koma na wanke, na sake wankewa,
kafin in isa, liman ya kai tahiya.

Na san mai aikin.
Ruwan ƙasa ne, da jan ɗamara a wuya,
sunansa Shokola, abin gwangwani yake ci,
yana kwana inda na'ura ke hura sanyi.
Gida goma sha ɗaya a layinmu na Yantala,
gindin dogon yarona ya zaɓa.

Na tare Seyni mai jan igiyar.
Ya ce, "Malam, jika arba'in ne a wata:
na ƙofa, na igiya, na ba fure ruwa.
Babu na durƙuso a ciki.
Ni ma salla nake yi."

Na tare uwar ɗakinsa a bakin mota.
Madam Odil ta ce a garinsu tara ake ci,
kowa da ledarsa a aljihu.
Na ce, to ina ledar?
Ta dubi juji a kwanar layi,
akuya uku a kansa suna karin kumallo,
ta ɗaga kafaɗa. Gilashi ya hau.

Na je ofishin magajin gari.
Takarda, tambur, benci, gumi.
Mai sa hannu ya tafi jana'iza Doso.
Na kusa da shi ya saurari harshena,
ya ce, "Ashe baƙo ne,"
kamar ya gano cutar da ke damuna.
An ce baƙo makaho ne ko da idonsa.
To ni hancina bai makance ba.

Ina tafe ina faɗa ni kaɗai,
gari ba mai shi, titi maraya,
sai Haisa mai ƙosai ta ajiye matsami.
Ba ta ɗaga murya ba.
Da tsinke ta nuna mini gindin katangata,
inda bututu ke tsiyayar ruwa mai kumfa,
ya yi kore, ya ratsa yashi,
ya bi ta ƙarƙashin kujerarta.
"Shekara uku ina tsallake wankanka.
Bulo biyun can ni na sa.
Ban kai ka ko'ina ba."

Na nemi abin cewa a aljihu, babu.
Na sayi ƙosan da ba na jin yunwarsa.

Magini ya ce ramin ruwa jika ashirin.
Na ba shi rabi, har yau yana zuwa gobe.
Na sayo shebur a kasuwar Katako,
yana jingine bayan ƙyaure.
Kada wani ya ce na huce.
Ina kwashewa ina tsaki,
ina ambaton Shokola da kakannin Shokola.

Amma jiya da na haska,
tulin na nan, an rufe shi da ƙasa,
ga sawun silifa a gefe,
babba, irin na Seyni.
Ba kwashewa ba ce, turi ne da ƙafa,
aikin mutum mai waige kada a gan shi.

Na tsaya ina kallo har aka ta da iƙama.
Na tsallake shi,
na tsallake ruwana,
na samu raka'a ta biyu.